Tarihin yadda ƙasar gona ke riƙe maganin ciyawa

1/ A shagon maganin feshi akwai maganar da ba ta tsufa: "Kada ka damu, da ya taɓa ƙasa ya mutu." Maganar nan tana da asali, kuma asalin ya haura shekara 170. Akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar ta dogara da wane magani da kuma wace ƙasa. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Da taki labarin ya fara, tun duniya ba ta san maganin ciyawa na zamani ba. A 1845, a yankin Yorkshire na Ingila, wani mai gonaki, Harry Stephen Thompson, yana da damuwa ɗaya: amoniyar da ke cikin taki, idan aka yi ruwan sama, wankewa take yi ta tafi ko tana tsayawa a gona?

3/ Sai ya haɗa kai da wani mai haɗa magunguna a garin York, Joseph Spence. Suka cika bututun gilas da ƙasar gona, suka zuba ruwan gishirin amoniya daga sama, suka tari abin da ya ɗigo ta ƙasa. Amoniyar ba ta fito ba. Sinadarin kalsiyam ne ya fito a madadinta. Wato ƙasar ta karɓi wani abu, ta saki wani, kamar musaya a kasuwa.

4/ Wanda ya ɗauki zancen da gaske shi ne John Thomas Way, masanin sinadarai na ƙungiyar manoman masarautar Ingila. A 1850 ya fitar da sakamakon gwaje-gwajensa. Ya gano cewa tsurar yashi ba ya wannan riƙo, yumɓu ne ke yi. Riƙon kuma nan take yake faruwa. In ka gasa yumɓun da wuta sosai, kamar tukunya, ƙarfin riƙon ya lalace.

5/ Ya lura da wani abu kuma, ku riƙe shi don za mu dawo kansa: ƙasa tana zaɓe. Tana kama amoniya da fotash, tana kama fosfet, amma tana barin naitiret ya wuce da ruwa abinsa.

6/ Abin dariya, babban malamin sinadarai na zamanin, Bajamushe Justus von Liebig, bai yi saurin yarda ba. Shi da kansa ya ƙera wani takin zamani da gangan ya sa ba ya narkewa, don tsoron kada ruwan sama ya wanke shi. Takin bai yi aiki ba, tunda tsiro ma ya kasa sha. Ashe ƙasar tana da nata hanyar ajiya. Daga baya dai ya sauko.

7/ Way ya ga abin yana faruwa, amma dalilin sai da aka jira shekara 80. A 1930 wasu masana biyu a Amurka, Sterling Hendricks da William Fry, suka haska yumɓun ƙasa da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Sai ga shi yumɓu yana da tsari: faifai ne siri-siri, ɗaya kan ɗaya, kamar shafukan littafi.

8/ Waɗannan shafuka suna ɗauke da cajin lantarki, irin na alamar − da kuke gani a jikin batir. Duk sinadarin da ya zo da cajin + sai ya manne, kamar allura da mayen ƙarfe. Wanda ya zo da − irin nasu, sai su ture shi ya bi ruwa. Amoniya + ce. Naitiret − ne. Abin da Way ya gani ke nan.

9/ To amma yumɓu iri-iri ne, kuma a nan zancen ya fara shafar mu. Akwai wanda ake kira mantmorilonait, mai kumbura in ya sha ruwa, ya tsattsage in ya bushe. Shafukansa suna buɗewa, ruwa da sinadarai su shiga tsakani. Giram ɗaya tak nasa, in da za a baje shafukan, zai rufe fili wajen murabba'in mita 700 zuwa 800. Giram goma, kusan filin ƙwallo guda.

10/ Akwai kuma kawolinait, wanda shafukansa a manne suke gam, ba sa buɗewa. Bayansa kawai ake iya mannewa. A ma'aunin da masana ƙasa ke amfani da shi, ƙarfin riƙon kawolinait yana tsakanin 3 zuwa 15, na mai kumbura kuwa daga 80 zuwa sama da 100. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da suka gama narkewa suka zama baƙar ƙasa, nasu yana kai 200, har ya wuce.

11/ Ku ajiye waɗannan lambobi. Yanzu mu shiga maganin ciyawa.

12/ Na farkon da ya karaɗe duniya shi ne 2,4-D, wanda aka gano a Ingila da Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga kasuwa dab da ƙarshen yaƙin. A cikin ƙasa cajin − yake ɗauka, don haka yumɓu ba ya riƙe shi sosai. Abin da ya rufa asiri shi ne ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cin sa. A 1949 L. J. Audus ya nuna haka a Ingila. Cikin 'yan makonni yawancinsa ya ƙare.

13/ Kun ga hanyoyi biyu ke nan daban da magani ke "ɓacewa". Ko dai a cinye shi, ya wargaje ya daina zama magani, ko kuma a kama shi a riƙe, yana nan da ransa amma a ɗaure. Mai shago yana kiran duka biyun "ya mutu". Masana ƙasa sun shafe shekaru suna raba su.

14/ Sarkin waɗanda ake ɗaurewa shi ne farakwat, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone. Tun 1882 aka haɗa sinadarin a ɗakin gwaji, ya yi shekara da shekaru ana amfani da shi wajen nuna sauyin launi a gwaje-gwaje kawai. A 1955 ma'aikatan kamfanin ICI a cibiyarsu ta Jealott's Hill suka gano cewa wannan dangin sinadarai yana ƙone ganye. A 1962 Gramoxone ya fito kasuwa.

15/ Farakwat yana ɗauke da cajin + har guda biyu, kuma jikinsa a baje yake kamar takarda. Ku tuna shafukan yumɓu mai kumbura. Yana zamewa ya shige tsakaninsu, ya kwanta daidai wa daida, ya manne. Saiwar tsiro ba ta iya ciro shi. Ruwan sama ba ya iya wanke shi. Ganyen da ya taɓa ya ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya sauka a ƙasa kuma an kulle shi.

16/ Wannan ne ya sa ya zama abin mamaki a lokacin. Za ka iya fesa yau, ka shuka gobe, irin ya fito lafiya. Tun 1943 wani Ba'amurke, Edward Faulkner, ya rubuta littafi yana cewa garma ce ke kashe ƙasa. Aka ce to, in an bar garma, wa zai kashe ciyawa? Maganin feshi ne ya ba da amsar. A 1962 wani manomi a jihar Kentucky, Harry Young, ya shuka masara ba tare da huɗa ba, kuma daga irin wannan gwaji noman ba-huɗa ya yaɗu.

17/ Har Najeriya zancen ya zo. A shekarun 1970 Rattan Lal, masanin ƙasa ɗan asalin Indiya, ya yi dogon bincike a cibiyar IITA da ke Ibadan kan noman ba-huɗa da barin ciyayi a saman gona, don rage zaizayar ƙasa. Shi ne ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2020. Don haka kada wani ya ɗauka ina cewa maganin ciyawa bai tsinana komai ba. Duk wanda ya taɓa yin noman fari da fartanya a tsakiyar damina ya san abin da feshi ya sauƙaƙa.

18/ Sai dai an yi tambayar da ta dace: wanda aka kulle ɗin, ina yake zuwa? A wata cibiyar binciken ciyawa kusa da Oxford, an yi ta fesa farakwat a fili ɗaya shekara bayan shekara, sannan aka auna ƙasar. A rahoton 1975, kusan duk abin da aka zuba an same shi a wurin. Shafukan da suka hana saiwa kai wa gare shi, su ne suka hana ƙwayoyin halitta cin sa. Raguwarsa a ƙasa da shekaru ake lissafawa.

19/ Gwajin da ya fi tsaya mini a rai an yi shi a jihar North Carolina. A 1966 Jerome Weber da abokin aikinsa suka ɗaura farakwat a jikin yumɓu iri biyu, suka sa wa 'ya'yan kokwamba masu tsirowa. Wanda ke jikin yumɓu mai kumbura bai taɓa tsiron ba. Wanda ke jikin kawolinait kuwa, tsiron ya same shi. Tunda a bayan shafi kawai ya manne, wasu gishirai na iya ture shi ya dawo cikin ruwa.

20/ To jama'a, wane yumɓu ne a yawancin gonakin tudu na arewacin Najeriya da kudancin Nijar? Kawolinait. Shi ma kaɗan ne, yashi ya fi yawa. Ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasar kuma sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda zafi yana cinye shi da sauri, ga ƙona gona, ga kwashe kara da harawa a kai gida.

21/ Manoma sun san wannan bambanci tun kafin a zo da na'ura. Jigawa daban, jangargari daban, fadama daban, laka daban. Baƙar ƙasar firki ta wajen Tafkin Chadi, wadda ke tsattsagewa da rani ake dasa masakwa a cikinta, ita ce mai yumɓu mai kumbura. Lita ɗaya ta magani a firki da lita ɗaya a jigawa, makomarsu ba ɗaya ba ce.

22/ In yi adalci: a adadin da aka ƙayyade a jikin kwalba, ko ƙasa mai kawolinait tana iya ɗaure farakwat. Abin lura shi ne rumbunta ƙarami ne, kuma makullin bai kai na firki ƙarfi ba. Haɗarin farakwat na gaggawa ma a jikin mutum yake. Kurɓa ɗaya tana iya kisa, huhu yake lalatawa, kuma ba shi da makari.

23/ Abin da likitoci ke bai wa wanda ya sha, in an kai shi da wuri, shi ne garin gawayi na asibiti ko wani irin yumɓu da aka tace, don ya kama gubar a ciki kafin ta shiga jini. Ilimin Way ne a gadon asibiti. Wannan aikin asibiti ne fa, kuma mintuna ake ƙirgawa. Ba a tsayawa ba da madara ko manja a gida.

24/ Saboda wannan haɗari kotun Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2007. Burazil da Tailan sun hana shi a 2020. Hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga kasuwar Najeriya. Ku leƙa kasuwar ƙauye ku gaya mini abin da kuka gani.

25/ Yanzu kishiyarsa: atirazin, maganin masara da dawa. Kamfanin Geigy na Suwizalan ya fito da shi a 1958. Shi aikinsa ta cikin ƙasa yake. Ana fesa shi bayan shuka, ya zauna a ruwan ƙasa, saiwar ciyawa ta sha ta mutu. Masara tana da hanyar karya shi a jikinta, shi ya sa ba ya taɓa ta.

26/ Kun ga matsalar? In ƙasa ta ɗaure shi gam kamar farakwat, ba zai yi aiki ba. Dole ya kasance a sake-sake. A yawancin ƙasa ba shi da caji, don haka yumɓu ba ya masa riƙon kirki. Abin da ya fi kama shi shi ne ruɓaɓɓen ganyen nan, kuma riƙon na ɗan lokaci ne, a kama a saki. Inda ruɓaɓɓen ganye ya yi ƙaranci, ga yashi, ga ruwan sama mai ƙarfi, sai ya gangara ƙasa.

27/ Turai ta ga sakamakon. A 1980 suka kafa doka cewa kowane maganin feshi kada ya wuce maikirogiram 0.1 a litar ruwan sha. Maikirogiram shi ne giram ɗaya a raba gida miliyan. Da aka fara auna rijiyoyi a yankunan masara, kamar kwarin Kogin Po a arewacin Italiya, sai ga atirazin ya wuce wannan iyaka. Jamus ta hana shi a 1991. Tarayyar Turai gaba ɗaya ta yanke hukuncin janye shi a 2004.

28/ Abin tsoron shi ne, shekara 20 bayan hanin, ana ta samun sa a ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jamus. Can ƙasa babu hasken rana, iska kaɗan ce, ƙwayoyin halitta ba su da yawa, sai ya zauna. Wanda ƙasar sama ta riƙe kuma tana sakinsa kaɗan-kaɗan.

29/ Amurka ba ta hana shi ba, amma sai mai lasisi ke saya. Takardar jikinsa ta hana a haɗa shi ko a fesa a cikin ƙafa 50 daga rijiya, wato wajen mita 15. Tana kuma gargaɗi kan ƙasa mai yashi inda ruwan ƙasa ke kusa. Yanzu ku tuna rijiyoyinmu na fadama, waɗanda da guga da gajeriyar igiya kake taɓa ruwa, da kuma inda ake wanke jarkar feshi.

30/ Akwai asarar da manomi ke gani da idonsa ma. Wake, gyaɗa da waken suya ba su da dabarar masara. In an zuba atirazin da yawa, ragowar da ƙasa ta riƙe tana iya fitowa ta sami waken da aka shuka tsakanin kunyoyi ko bayan masara. Ganye ya yi rawaya daga gefe, ya bushe. Sau da yawa sai a ɗora wa iri laifi, ko a ce ƙasar ce ta gaji.

31/ Na uku, wanda ya fi kowane yawa a yau: gilaifoset. Wani masani a Suwizalan, Henri Martin, ya haɗa shi a 1950 yana neman maganin mutane, bai ga amfaninsa ba. A 1970 John Franz na kamfanin Monsanto ya gano yana kashe tsiro har saiwa. A 1974 ya fito da sunan Roundup. Da haƙƙin mallakar kamfanin ya ƙare a 2000, masana'antun Chaina suka cika duniya da shi, farashi ya faɗi, ya iso kowane lungu na Afirka ta Yamma.

32/ Shi ma ana cewa "da ya taɓa ƙasa ya mutu". Amma gilaifoset a ƙasa cajin − yake ɗauka. Bisa ƙa'idar da muka bi, ya kamata yumɓu ya ture shi. Me ya sa yake mannewa?

33/ Ku koma lamba 5. Way ya ga ƙasa tana kama fosfet, ko da yake shi ma − ne. Dalili shi ne fosfet yana ƙulla wata irin alaƙa kai tsaye da tsatsar ƙarfe da alminiyam da ke jikin ƙwayoyin ƙasa. Gilaifoset yana da wutsiya mai kama da fosfet, da ita yake kamawa. A 1975 masana uku a jami'ar jihar Michigan, Sprankle da Meggitt da Penner, suka nuna haka, suka kuma nuna cewa su biyun kujera ɗaya suke takara a kai.

34/ Ma'ana, ƙasar da aka cika da takin fosfet tana da ƙarancin gurbin da gilaifoset zai zauna. A nan jar ƙasarmu tana da sa'a, don jan nan tsatsar ƙarfe ce, kuma tana riƙe gilaifoset da kyau. Farin yashi ne ba shi da wannan gata. Ƙwayoyin halitta suna cin gilaifoset fiye da farakwat nesa ba kusa ba, amma in ruwa ya kwashi ƙasar gona ya kai rafi, da abin da ke manne a jikinta yake tafiya.

35/ Ga inda wannan ilimi ke taɓa aljihu kai tsaye. Mai feshi ya je kududdufi ko kwatar bakin gona, ya ɗebi jan ruwa ya cika jarka, ya zuba gilaifoset ko farakwat. Jan nan ai yumɓu ne ke yawo a ruwan. Tun a cikin jarka ya fara kama maganin. Aka fesa, ciyawa ba ta mutu yadda ake so ba, sai a ce jabu ne, gobe a ninka murfi biyu ya zama huɗu.

36/ Jabu akwai shi a kasuwa, ba na musu. Amma kafin a zargi kwalba, a duba ruwan. A zuba shi a farar roba a ɗaga wa rana. In ba ka ganin yatsanka ta ɗaya gefen, a nemi ruwan rijiya ko na famfo, ko a bar shi ya kwana ya kwanta a tsiyaye na sama. Haka ganyen da ƙura ta lulluɓe, shi ma yana rage ƙarfin maganin.

37/ A 1964 wasu masana biyu, George Bailey da Joe White, suka tattara duk abin da aka sani kan yadda ƙasa ke kamawa da sakin magungunan feshi. Daga irin wannan aiki ne aka samu al'adar da ake bi a Amurka: takardar maganin da ke aiki ta ƙasa tana zuwa da jadawali. Ƙasa mai yashi adadi kaza, matsakaiciya kaza, mai laka kaza, sannan a duba yawan ruɓaɓɓen ganye. Mai yashi ita ke karɓar mafi ƙanƙanta.

38/ A wurinmu ma'aunin da ya fi yawo shi ne murfi ko gwangwanin madara a jarka ɗaya, daga Bichi har Biu, ko gonar jigawa ce ko fadama. Maƙwabci ya ce uku yake sawa, kai ma ka sa uku. Shi gonarsa laka ce mai riƙewa, kai taka yashi ce, ga rijiyar gidanku a gangare.

39/ Abin da ke hannun manomi a nan shi ne ruɓaɓɓen ganyen nan mai ƙarfin 200. Yumɓun gonarka ba za ka iya sauya shi ba, haka ka gada. Amma takin shanu, shara da ta ruɓe, barin kara a gona maimakon ƙonawa, kwanan garken Fulani bayan girbi, duk suna ƙara wa ƙasa wurin riƙo, kuma suna ciyar da ƙwayoyin halittar da ke cinye maganin. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai takin birni gona a kan jakuna.

40/ Masu gona a jigawa da ke shirin sa wake bayan masara a bana, ku tambayi wanda ya yi muku feshi wane magani ya zuba, murfi nawa, kuma a ina ya wanke jarkar.